Yadda Ake Adana Shafin Intanet da Kwafar Rubutu Daga Cikinsa

Da yawa daga cikinmu mun taɓa shiga wannan hali. Malami ya ba da aikin gida, mun samo shafi mai kyau a intanet, mun ce gobe ma dawo mu karanta a natse. Da gari ya waye, ko dai an ɗauke wuta, ko data ta ƙare, ko kuma shafin ya ɓace gaba ɗaya. Kada mu ɗauka mu kaɗai abin yake samu. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bayyana a shekarar 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke a intanet a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka ya kamata kowane ɗalibi ya san yadda zai adana abin da ya samu tun yana gabansa.

Mene ne shafin intanet?

Kafin mu iya adana shafi, sai mun san yadda aka haɗa shi. Abin da muke gani a fuskar kwamfuta kamar abu guda ne, amma ba haka yake ba. Akwai fayil na rubutu wanda aka tsara da wani tsari mai suna HTML. Wani Bature ɗan ƙasar Ingila, Tim Berners-Lee, shi ne ya ƙirƙiro shi lokacin da yake aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janeba, aka kuma buɗe wa jama'a shafin farko a 1991. Hotuna suna zaune daban, haka nan umarnin da ke faɗin launi da girman haruffa. Burauza, wato manhajar da muke buɗe intanet da ita irin su Chrome da Firefox, ita ce take tattaro su. Aikinta kamar na tela ne, wanda yake ɗaukar yadi da zare da maɓallai ya fitar da riga. Idan muka adana yadin kaɗai, kada mu yi mamaki in ba mu ga riga ba.

Hanyoyin adanawa

Hanya ta farko ita ce mu danna Ctrl tare da S. Kwamfuta za ta tambaye mu irin ajiyar da muke so. Idan muka zaɓi cikakken shafi, za ta ba mu abu biyu: fayil ɗin shafin da kuma folda mai irin sunansa, wadda hotuna suke ciki. Nan ne da yawa suke yin kuskure. Sukan ɗauki fayil ɗin su sa a filashi, su bar foldar a baya, sai sun je gida su tarar da ramuka a wurin hotuna. Dole ne su biyun su yi tafiya tare.

Hanya ta biyu, wadda muka fi ba da shawara a kanta, ita ce mu danna Ctrl tare da P kamar za mu buga shafin a takarda, sa'an nan a wurin zaɓen na'urar bugawa mu zaɓi adanawa a matsayin PDF. Kamfanin Adobe ne ya fito da wannan tsari a 1993. Amfaninsa shi ne rubutu da hotuna suna cikin fayil guda, kuma yadda ya fito a kwamfutar makaranta haka zai fito a waya. Sai dai bidiyo da abubuwa masu motsi ba sa shiga ciki.

Idan kuwa shafin ya riga ya ɓace, da sauran dabara. Ƙungiyar Internet Archive, wadda aka kafa a 1996, tana ajiye kwafin ɗimbin shafuka a ma'ajiyarta mai suna Wayback Machine. In muna da adireshin shafin, sai mu gwada can, wataƙila mu dace.

Kwafa da liƙawa

Wani lokaci ba dukan shafin muke bukata ba, sai ɗan sashe da za mu kai cikin manhajar rubutu kamar Word ko LibreOffice. Sai mu zaɓi wurin, mu danna Ctrl da C, mu koma takardarmu mu danna Ctrl da V. Larry Tesler da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox suna cikin waɗanda suka fito da wannan dabara a shekarun 1970.

To, me ya sa rubutun yakan fito a hargitse, wani wuri manyan haruffa, wani wuri shuɗi da layi a ƙarƙashi? Dalili shi ne idan muka kwafa, kwamfuta tana riƙe kalmomin tare da adonsu a wata ma'ajiya ta ɗan lokaci. Da muka liƙa, sai adon shafin ya shigo ya yi karo da tsarin takardarmu. A cikin Word, wata 'yar alama takan bayyana a ƙarshen abin da muka liƙa. Idan muka danna ta za mu ga zaɓi: a bar rubutun da adonsa na asali, ko a daidaita shi da na takardarmu, ko a ɗauki kalmomin zalla. Don aikin makaranta, na ukun ya fi. A Google Docs, danna Ctrl da Shift da V a tare yana yin wannan aiki. Tsohuwar dabara kuma ita ce mu fara liƙawa a Notepad, wanda zai tuɓe adon duka, sa'an nan mu sake kwafa daga can. Amma in jadawali ne muke so, gara mu bar shi da tsarinsa, domin in aka tuɓe shi layukan za su rushe.

Haruffanmu masu ƙugiya

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin abin lura. Wani lokaci ɓ da ɗ da ƙ sukan koma alamar tambaya ko ɗan akwati. Idan akwati muka gani, yawanci salon haruffan da muka zaɓa ne ba shi da su, sai mu canza wani. Idan alamar tambaya ce, to an adana fayil ɗin da tsohon tsari ne wanda bai san haruffanmu ba. Maganinsa shi ne mu zaɓi UTF-8 lokacin adanawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama in ƙugiya ta faɗi, ƙafa da kafa sun zama ɗaya, haka ma ɗaki da daki.

Gaskiya a cikin aiki

Sauƙin kwafa ya kawo jaraba. Ɗalibi zai iya cika shafi biyar cikin minti biyu ba tare da ya fahimci ko layi ɗaya ba. Rubutun da muka kwafa yana da mai shi, kuma miƙa shi da sunanmu sata ce. Zanen aro ba ya rufe katara, ranar jarrabawa kuwa babu abin da za mu danna. Don haka duk abin da muka ɗauko, mu rubuta sunan marubucin, da adireshin shafin, da ranar da muka buɗe shi. Bayan nan mu karanta, mu fahimta, mu rubuta da kalmominmu.

A ƙarshe, mu riƙa ba fayil sunan da zai tuna mana abin da ke cikinsa, mu kuma ajiye shi a wuri biyu, domin filashi yakan ɓata, kwamfuta kuma takan lalace. Muna roƙon manyan ɗalibai su nuna wa ƙannensu da suka shigo bana waɗannan hanyoyi tun kafin a fara ba su aikin zango na farko.