Ƙarin mafitsara a Sakkwato: saƙon wa na'ura ke karantawa?

Yaron da ke wanka a madatsar ruwa ta Shagari ko a kududdufan Boɗinga yana iya kwasar tsargiya. Ƙwan tsutsar da ke kawo ta kan maƙale a bangon mafitsara shekara da shekaru, kuma tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da ke haddasa sankara. Shi ya sa likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka saba da ƙarin mafitsara.

Idan an yanko tsokar ƙari, masana kan so su san waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki a ciki, ta hanyar auna saƙon da suke fitarwa, wato RNA. Sai dai tsokar gauraye take. A ƙarƙashin madubin likita za a ga ƙwayoyin sankara, ga jijiyoyin jini, ga tabo, ga sojojin garkuwar jiki sun yi dafifi kewaye da ƙwan da ya ƙandare. In aka markaɗe duka aka auna, tamkar an niƙa gero da dawa tare ne, sannan a tambayi garin na wane ne. Ƙwayar gadon da ta nuna ƙarfi wataƙila daga kumburi take, alhali an jingina ta ga sankara.

An nemi mafita. A 1996 masana a Amurka suka ƙirƙiro hanyar tsinto ƙwayoyin da ake so da hasken lesa. A 2009 aka fara karanta RNA na ƙwayar halitta guda tak. A 2015 Jami'ar Stanford ta fitar da manhajar CIBERSORT, mai ƙiyasta kason nau'o'i 22 na ƙwayoyin garkuwa ta lissafi.

Lissafin kwamfuta ya fi mana sauƙin kuɗi, amma ya dogara da samfurin da aka gina shi a kai. Babban shirin Amurka na nazarin ƙwayoyin gadon sankara, wato TCGA, ya tattara irin ƙarin mafitsarar da ya yawaita a can, wanda ake dangantawa da shan taba. Na tsargiya galibi wani nau'i ne dabam.

Don haka wajibi ne mu tara namu bayanan. RNA na saurin lalacewa, don haka ya kamata a daskarar da tsoka nan take cikin firjin da wuta ba ta yanke masa, likitan nazarin tsoka kuma ya rubuta kason sankarar da ke cikin kowane yanki kafin a auna. Da wannan ne sakamakon majinyacin Shagari zai bayyana ainihin cutarsa.