Akaifar roba: yadda ake gyara wadda aka manna ba daidai ba, da lokacin da cirewa ta zama dole

 Kaka ta yi, bukukuwa sun kama, ƴan mata na ta shirin kwalliya. Cikin kwalliyar da ta shigo ƙauyukanmu ƴan shekarun nan akwai akaifar roba, wadda mutanen Kano ke cewa farcen roba ko ƙarin farce. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wata ƙanwata da aka manna wa ita kwana biyu kafin bikin ƙawarta. Ranar wuni ɗaya ta ɗaga, mai aikin ta ƙara ɗura mata kol a ƙarƙashi ta danne. Bayan mako biyu da aka ɓamɓare da reza, sai ga akaifarta ta asali ta yi kore, ta yi laushi kamar takarda. Ta daɗe ba ta iya daka ba, ko wanki sai an yi mata.

To, wannan bayani na masu sana'ar ne, da masu zuwa a yi musu, da iyayen da ke biyan kuɗin.

Iri uku ne, gyaransu ya bambanta

Na farko, wadda aka fi gani a nan wajenmu da Matameye da Kance, ita ce robar da ake saya cikin kwali a manna da kol. Kol ɗin nan dangin wanda ake liƙe takalmi da bokiti ne, yana kamawa cikin daƙiƙoƙi. Na biyu ita ce ta akirilik, gari ne da ruwa ake kwaɓawa a gina bisa akaifa har ya sandare. Asalinta kayan aikin haƙori ne: wani likitan haƙori na Amurka, Fred Slack, shi aka fi jingina wa ƙirƙiro ta a shekarun 1950. Na uku ita ce ta jel, wadda ba ta bushewa sai an sa hannu cikin wata ƴar fitila, don haka sai inda akwai kuran ko sola, kamar shagunan Damagaram da Kano.

Kuskuren da ake yi kusan ɗaya ne. Ko a zaɓi robar da ta fi akaifar faɗi har ta hau fata, ko a manna bisa akaifa mai maiƙo ko danshi, ko a bar iska a tsakiya, ko a goge ta asali da lim har ta yi siriri. Ga kuma tsawo. Macen da ke jan guga, ta yi surfe, ta yi wanki, duk lokacin da bakin robar ya bugi wani abu, ƙarfin yana komawa ne gindin akaifarta. Shi ya sa ake ganin ta ɗaga, wani lokaci ta tafi da ta asali har jini.

Duba kafin ki taɓa

Ke mai sana'a, idan aka kawo miki aikin da ya lalace, naki ne ko na wata, ki fara da wanke hannuwanki da nata da sabulu, ki fito da ita haske ki duba yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ki tambaye ta: yaushe aka sa? Da me aka manna? Akwai zafi ko ƙaiƙayi?

Idan babu zafi, babu wari, launi bai canja ba, wannan aikinki ne. Wadda ta karkace kaɗan ko gefenta ke sukar fata, lim ya isa: ki rage gefen har ya bar fata, ki rage tsawon. Akirilik ko jel da ya ɗaga kaɗan daga gindi, ki goge wurin da ya ɗaga gaba ɗaya har ki kai inda ya kama sosai, ki share da alkol, ki bari ya bushe ƙarau, sannan ki cike. Ta kwali kuwa idan ta ɗaga ko kika hango iska a ƙarƙashi, ba ta da wani gyara sai a cire a sake.

Abu guda ki riƙe: kada ki ɗura kol ƙarƙashin wadda ta ɗaga. Tun da ta ɗaga, ruwan wanki da na tuwo sun riga sun shiga. Idan kika liƙe, kin rufe danshi da datti a wuri mai ɗumi, nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Koren nan da aka gani a hannun ƙanwata aikin wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira Pseudomonas, mai son wuri mai jiƙe.

Yadda ake cirewa ba tare da ɓarna ba

Ba a ɓamɓara da reza, ko haƙori, ko bakin wata robar. Akaifar mutum falle-falle take, duk abin da aka fizge yana tafiya da fallen sama.

Ki yanke tsawon tukuna. Ki goge ƙyallin saman da lim don magani ya samu hanyar shiga. Ki shafa basilin a fatar da ke kewaye. Sai ki jiƙa ƴar auduga da asiton, ki ɗora, ki naɗe yatsan da takardar alminiyo. Ki lura, ba kowane disolban ke da asiton ba. Ki duba kwalbar, ko ki ba mai karatu ya duba miki, don wanda ba shi da shi goge jan akaifa kawai yake yi. Ta kwali da jel mai laushi sukan saki cikin minti 10 zuwa 15, akirilik yakan kai 20 zuwa 30. Idan ya yi laushi ki tura da ɗan tsinke mai faɗin baki a hankali. Inda ya ƙi, ki sake naɗewa, kada ki tilasta. Akwai jel mai tauri da asiton ba ya narkarwa, shi sai goga, kuma a tsaya kafin a kai akaifar asali. Inda babu asiton, ta kwali takan saki idan aka jiƙa hannu cikin ruwan ɗumi da sabulu da ɗan mai, amma sai da haƙuri.

Hattara dai: asiton yana kamawa da wuta kamar esansi. Ɗakin amarya kuwa ba ya rabuwa da kaskon turaren wuta. A fitar da kasko, a nisanci murhu da gawayi, a yi aikin a inuwar tsakar gida inda iska ke kaɗawa.

Bayan an cire, a wanke, a shafa man kaɗe. Idan akaifar lafiya take, ana iya sake mannawa: a gwada kowace roba a yatsa kafin a buɗe kol, a zaɓi wadda ta tsaya daidai ba ta taɓa fata ba, a share da alkol, a ɗiga kol kaɗan, a kwantar daga gindi zuwa baki don iska ta fita, a danne kamar daƙiƙa 30. Idan kuwa ta yi siriri, ta yi ja, ko tana zafi in an taɓa, a bar ta ta huta. Akaifar hannu kamar milimita 3 take tsirowa a wata, sabuwa ba ta gama maye tsohuwa sai wata 4 zuwa 6. Mai gaskiya za ta gaya wa mai zuwa wajenta haka, ko da kuɗin ranar zai wuce ta.

Inda aikinki ya ƙare, na likita ya fara

Idan kika ga kore ko baƙi, ki cire robar, ki bar wurin a buɗe ya sha iska, kada ki rufe da wata robar ko jan akaifa don ɓoye kunya. Idan gefen yatsa ya kumbura, yana zogi, ko da ruwa a ciki irin na ɗan kakkare, ko akaifar ta rabu da nama, kada ki sa asiton, kada ki tsaga. Ki tura ta likita wajen majo. Mai ciwon suga kada ta jira ko kwana ɗaya. Wadda kuma yatsunta suka yi ƙaiƙayi da ƙuraje bayan an sa, jikinta ne ya ƙi sinadarin, kuma irin wannan ba kasafai yake barin mutum ba. Ta haƙura da shi.

Shi kol ɗin ma abin tsoro ne. Idan ya zube bisa zane ko auduga yana yin zafi nan take har ya ƙone fata. A zuba ruwan sanyi. Kwalbarsa ta yi kama da ta maganin ido, a ajiye nesa da yara. In ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa, kada a buɗe da ƙarfi, a tafi likita.

Sai kayan aiki. Almakashi da abin yankan akaifa da suka taɓa jinin wani suna iya ɗaukar ciwon hanta zuwa ga wani. Wannan ya shafi har ƴan uwanmu masu yawon yankan akaifa a biranen kudu. A wanke na ƙarfe da sabulu, a tafasa minti 20. Reza ɗaya, mutum ɗaya. Lim na takarda ba ya wankuwa, kowa ta zo da nata.

Alwala da abinci

Mata da dama sun tambaye mu wannan. Malamai sun yi bayani cewa duk abin da ya hana ruwa kai wa ga akaifa, kamar roba ko jan akaifa mai yin ɓawo, sai an kawar da shi kafin alwala da wankan tsarki. Lalle ba haka yake ba, launi ne kawai yake bari. Don haka mai son ta sa, ta yi lissafin yadda za ta cire tun kafin ta manna. Kuma ku sani, tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ma'aikatan lafiya masu taɓa marasa lafiya kada su sa akaifar roba, saboda ƙwayoyin cutar da ke ɓoyewa a ƙarƙashinta. Mai dama fura da mai goyo su yi wa kansu hisabi.

Ku kuma ƴan uwa da ke waje masu aiko da kayan kwalliya, don Allah in za ku sa kwalin roba cikin tsaraba, ku haɗa da asiton da lim, ku zaɓi gajeru. Ku duba rubutun kwalba: Tarayyar Turai ta hana wani sinadarin jel mai suna TPO tun 1 ga Satumba 2025, hukumar Amurka kuma ta ɗauki mataki kan ruwan akirilik mai zallar MMA tun 1974, don yana lahanta akaifa da fata. Kwalbar da ba ta da rubutu ko kaɗan, ku bar wa mai ita.

Mai tambaya ya kira mu lokacin shirin lafiya, ko ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp. Allah ya ba mu lafiya, ya sa a yi bukukuwa lafiya.