Daga Kambodiya Zuwa Maijirgi: Wa Zai Bi Kadin Jinin Mutanen Ƙasar Tasawa?

Duk matafiyin da ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Damagaram, da ya wuce Tasawa kaɗan zai riski garin Maijirgi. A nan ne ake nuna kaburburan wasu hafsoshin Faransa biyu, Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine, waɗanda suka jagoranci ɗaya daga cikin munanan kisan kiyashin da aka yi a ƙasar Hausa. Su makasan an san inda aka ce an binne su, amma ɗimbin bayin Allah da suka hallaka ba wanda zai iya lissafa maka sunayensu.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne yadda wata ƙasa mai nisa, wato Kambodiya, ta yi fafutikar neman adalci kan irin wannan ta'asa, ko ma samu abin koyi.

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 17 ga Afrilun 1975 ne 'yan gurguzun Khmer Rouge, ƙarƙashin Pol Pot, suka kama Phnom Penh, babban birnin ƙasar. Suka kwashe mutanen birane zuwa gonakin aikin tilas, suka soke kuɗi da kasuwa da makarantu da addini. Kafin sojojin Biyetnam su fatattake su a watan Janairun 1979, mutum kimanin miliyan 1.7 sun mutu, wasu ta kisa, wasu ta yunwa da cuta da wahalar aiki. Musulmin ƙabilar Cham sun ɗanɗana kuɗarsu, domin an hana su salla, an lalata masallatansu, an tilasta musu cin naman alade, aka kuma yi musu kisan ƙare dangi.

Pol Pot ya mutu a 1998 ba tare da ya gurfana gaban kotun duniya ba. Sai a 2003 gwamnatin Kambodiya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙulla yarjejeniyar kafa kotu ta musamman, wadda ta fara aiki a 2006. Zuwa 2022, da ta yanke hukuncinta na ƙarshe, an kashe sama da dala miliyan 330, amma mutum uku kacal ta ɗaure: Duch, shugaban kurkukun Tuol Sleng, da Nuon Chea, na biyun Pol Pot, da Khieu Samphan, tsohon shugaban ƙasa. Wasu na ganin kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Sai dai kuma dubban talakawa sun shiga shari'ar a matsayin masu ƙorafi, an rubuta shaidarsu, kuma a 2018 kotu ta tabbatar da cewa abin da aka yi wa Musulmin Cham da 'yan asalin Biyetnam kisan ƙare dangi ne. Daga nan ba mai iya cewa tatsuniya ce.

To, mu dawo gida. A farkon 1899 ne ayarin Voulet da Chanoine ya baro bakin kogin Kwara da nufin kai tutar Faransa Tafkin Chadi. Ayari ne na sojojin haya baƙaƙen fata da 'yan dako da aka kamo ƙarfi da yaji, kuma bai taho da isasshen guzuri ba, don haka duk garin da ya sauka sai ya wawashe rumbuna, ya kore dabbobi, ya kame mata, sannan ya cinna wuta. A watan Afrilu suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu suka auka wa Birnin Ƙonni suka yi kisan da har gobe ana labarinsa. Daga nan suka ratso ƙasar Gobir da ta Katsinar Maraɗi suka shigo yankin Tasawa, inda a Koran Kalgo aka karkashe mata da ƙananan yara.

Wani hafsa da aka kora daga ayarin, Laftanar Peteau, shi ya fallasa abin da ke faruwa a cikin wata wasiƙa, har magana ta kai ga hukumomi a Faris. Aka turo Kanar Klobb daga Tambutu ya bi sawunsu ya karɓe ragamar ayarin. Bai sha wahalar gane hanya ba, domin kufai da gawarwaki ne suka yi masa jagora. A ranar 14 ga Yulin 1899 ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa, sai Voulet ya sa aka buɗe masa wuta aka kashe shi. Bayan kwana biyu sojojin suka yi bore suka harbe Chanoine, washegari kuma suka bi da Voulet, a Maijirgi.

A nan ne gizo ke saƙar. Mutuwar mutanen biyu ba ta tsayar da ayarin ba. Sauran hafsoshin suka ci gaba, suka ci Damagaram a ƙarshen watan Yuli, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, sannan Joalland da Meynier suka wuce Chadi, inda aka haɗu aka yaƙi Rabe a Kusuri a watan Afrilun 1900. Wato Faransa ta ci moriyar aikin, laifin kuwa aka jibga wa matattu biyu, aka ce zafin ranar Afirka ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Da ɗan majalisa Vigné d'Octon ya nemi a kafa kwamitin bincike, majalisar dokokin Faransa ta yi watsi da buƙatar. Abin da ya girgiza su shi ne kashe Kanar Bature, ba jinin talakawanmu ba. Ko kaburburan ma akwai magana a kansu, domin a 1923 Robert Delavignette, wani jami'in mulkin mallaka a Tasawa, ya sa aka tone su, aka tarar ba kowa a ciki.

Duk da haka maganar ba ta mutu ba. Marigayi Abdoulaye Mamani ya fitar da littafin Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. A 2020 kuma aka fito da fim ɗin African Apocalypse, wanda ya bi sawun ayarin gari-gari yana sauraron jikokin waɗanda abin ya shafa. Abin sha'awa, Rob Lemkin da ya shirya shi, shi ne ya haɗa kai da ɗan jaridar Kambodiya Thet Sambath suka yi fim ɗin Enemies of the People a 2009, inda Nuon Chea ya yi magana da bakinsa kan kashe-kashen gwamnatinsu. Bayan haka wasu al'ummomin Nijar sun kai ƙorafi ga Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a 2025 Faransa ta amsa da cewa ƙofarta a buɗe take ga tattaunawa da hukumomin Nijar, amma ba ta amsa laifi ba, ba ta kuma nemi gafara ba.

Mun san akwai bambanci tsakanin al'amuran biyu. A Kambodiya 'yan ƙasa ne suka kashe 'yan uwansu, kuma an samu wasunsu da rai aka gurfanar. A namu kuwa baƙi ne suka jagoranta, kuma duk sun daɗe da zama ƙasa. Amma hukumar da ta aiko su tana nan, takardunta kuma suna ajiye a ma'adanar tarihin mulkin mallaka da ke Aix-en-Provence. Ba kuma sabon abu ba ne, domin a 2013 Ingila ta biya diyya ga 'yan Kenya sama da 5,000 da aka azabtar lokacin boren Mau Mau, a 2021 kuma Jamus ta amince ta aikata kisan ƙare dangi a Namibiya.

Babban darasin da ke gare mu shi ne, tun kafin a kafa waccan kotu, cibiyar tattara bayanai ta Kambodiya da aka buɗe a 1995 ta bi ƙauye-ƙauye tana ɗaukar shaida, ta kuma gano ramukan kabari kusan 20,000. Da wannan shaida aka shiga kotu. Mu a nan waɗanda suka gani da ido sun riga mu gidan gaskiya, saura dattawan da suka ji daga bakin kakanninsu, su ma kullum raguwa suke yi.

Saboda haka muna kira ga masarautar Tasawa da sarakunan yankin Mayahi, da malaman tarihi na jami'o'in Maraɗi da Yamai, da gidajen rediyon karkara, da su tashi su naɗi muryoyin dattawan nan tun da sauran lokaci, a rubuta sunan kowane gari da aka ƙona da kowace rijiya da aka cika da gawa. Hukumomi kuma su nemi kwafin takardun da ke Faransa, su kafa alamar tunawa a Koran Kalgo da sauran garuruwan, a kuma koya wa yara wannan tarihi a makarantu da harshen da suke ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma in ba mu riƙe shaidarmu ba, ba wanda zai riƙe mana.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka zalunta, Ya kuma bi musu haƙƙinsu.