Malamar Da Ke Karanta Ƙasusuwa

Jama'a, duk wanda ya taɓa kora shanu daga Arewa zuwa Kumasi ya san mushe a bakin hanya. Da ganin ƙashi sai ya ce wannan na bara ne, wancan kuwa ya daɗe. To, wannan sani na dattawanmu shi wata Baturiya, Malama Anna Behrensmeyer, ta mayar ilmi mai zurfi. A 1981 ta kama aiki a gidan tarihi na Smithsonian, nan Washington kusa da mu.

Tun a 1969 ta tafi Koobi Fora, bakin Tafkin Turkana a ƙasar Kenya, inda ake tono ƙasusuwan da suka zama dutse. Nan ta gano wani shimfiɗin tokar dutse mai aman wuta, wanda ya kusa shekara miliyan 2, har aka sa masa harufan sunanta, watau KBS. Amma wani abu ya dame ta. Dabba dubu za su mutu, ƙashin kaɗan ne zai tsira. To, yaya za a san dajin dā da ɗan abin da ya rage?

Sai ta koma wa mushen yau. Daga 1975 ta riƙa zuwa dajin Amboseli, tana sa wa gawar dabbobi alama, tana komowa shekara bayan shekara ta ga abin da kura da rana da ruwa suka yi musu. A 1978 ta bayyana matakai 6 na lalacewar ƙashi, daga sabo har ya ruɓe. Ta ga yawanci ƙashin da ƙasa ba ta rufe ba, ba ya wuce shekara 10 zuwa 15, na ƙananan dabbobi kuwa ya fi saurin ɓacewa. Daga baya kuma aka tabbata ƙasusuwan da ke warwatse suna nuna irin dabbobin da ke zaune a wurin, da yadda suka ƙaru ko suka ragu. Ashe mushe ma shaida ne.

Mahakurci mawadaci. Mu da ke fama da 'ya'ya masu son kuɗin yau-yau, ga abin koyi. Zauren ƙasusuwan dā da aka sabunta a 2019 tana cikin waɗanda suka tsara shi, shiga kuwa kyauta ne. Daga Springfield jirgin Metro zai kai mu. Mu ɗauki yara ran Asabar, su gani da idonsu. Allah ya sa mu dace, amin.