Koyar da Harshen Kwamfuta a Wurin Aiki

A ofisoshi da yawa za ka tarar da akawu ya yi kwana biyu yana haɗa lissafin albashi, yana ƙirga yana sake ƙirgawa, alhali ga kwamfuta a gabansa wadda za ta gama aikin kafin ya sha ruwa. Abin da ya hana shi mora shi ne bai san harshen da ake ba ta umarni da shi ba. Wannan ne ya sa ma'aikata a wurare da dama suke haɗa ƙungiyar karatu a tsakaninsu, wanda ya ɗan sani ya koya wa saura. To, yaya ake gudanar da irin wannan karatu har a ci riba?

Da farko ya kamata mu san mene ne harshen kwamfuta. Ita dai kwamfuta tamkar bara ce mai tsananin biyayya amma ba ta da hankalin kanta. Abin da ka ce shi za ta yi, ba abin da kake nufi ba. A can cikinta ba ta san komai ba sai lamba biyu, 0 da 1. Saboda haka masana suka ƙago harsuna masu 'yan kalmomi kaɗan da ƙa'idoji tsayayyu, mutum ya rubuta umarni da su, wata manhaja ta fassara wa na'urar.

Ba kowane harshe ne ya dace da sabon shiga ba. A shekarar 1964 malamai biyu na Kwalejin Dartmouth a Amurka, John Kemeny da Thomas Kurtz, suka ƙago harshen BASIC domin ɗaliban da ba ilmin lissafi ko kimiyya suke karanta ba su ma su iya sarrafa kwamfuta. A zamaninmu kuwa wanda aka fi farawa da shi shi ne Python, wanda Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, ya fitar a 1991. Kyauta ake samunsa, kuma umarninsa gajeru ne masu sauƙin karantawa. Duk wanda ƙungiya ta zaɓa, ta tsaya a kansa, gama mai bin zomo biyu ba ya kama ko ɗaya.

Sai kuma tsarin zama. Gara mutum shida ko takwas da suke haɗuwa awa ɗaya kowane mako ba fashi, da taron mutum talatin da za a yi sau ɗaya a watse. A ranar farko kada jagora ya cika mutane da dogon bayani. Ya sa kowa ya rubuta layi ɗaya da hannunsa wanda zai sa na'urar ta nuna gaisuwa a allo. Wannan al'ada ta yaɗu ne tun daga littafin koyon harshen C da Brian Kernighan da Dennis Ritchie suka wallafa a 1978. Abin kamar wasa ne, amma daga ranar da mutum ya ga na'ura ta bi maganarsa, tsoronta ya fara fita daga zuciyarsa.

Bayan haka akwai abubuwa uku da su ne ginshiƙai. Na farko ma'ajiya, wato kamar gwangwani ne da aka liƙa wa suna, ana zuba lamba ko kalma a ciki. Na biyu sharaɗi: idan kaza ya faru a yi kaza, in ba haka ba a yi wani abu. Na uku maimaitawa, wato a yi aiki ɗaya a kan abubuwa da yawa bi da bi. A nan ne karatun wurin aiki ya fi na aji armashi, domin misalan suna kan tebur. A ce akawun nan ne. Albashin ma'aikaci ɗaya ya shiga ma'ajiya. Idan ya wuce awa 40 a mako a ƙara masa kuɗin ƙarin lokaci, ga sharaɗi ke nan. A yi haka ga ma'aikata 200, ga maimaitawa. Mai kula da sito kuma ya yi nasa da buhunan da suka shiga da waɗanda suka fita. Mutum ba ya manta darasin da ya rage masa wahalar jiya.

Akwai wuraren da kusan kowane sabon shiga yake tuntuɓe, kuma jagora nagari yakan san su tun kafin a iso. A Python in an rubuta jimla = jimla + 50, ɗan lissafi zai ce wannan ƙarya ce, don abu ba ya zama daidai da kansa da ƙari. Amma a nan alamar tana nufin a ɗauki abin da ke cikin jimla, a ƙara 50, a mayar. Haka kuma ƙirgan abubuwan da ke cikin jeri daga 0 yake farawa, ba daga 1 ba. Ko filin da aka bari a farkon layi yana da ma'ana, in ya kauce sai na'urar ta ƙi aiki.

Babban abin da yake kashe irin wannan ƙungiya kuwa shi ne kunya. A ofis akwai manya akwai ƙanana, kuma da wuya shugaban sashe ya yarda ya yi kuskure a gaban yaronsa. Dole jagora ya nuna cewa kuskure abokin tafiya ne a wannan sana'a, kuma saƙon da na'urar take bayarwa in ta tsaya yakan faɗi layin da matsalar take. Ya riƙa yin nasa kuskuren a gabansu yana gyarawa. Ya zaunar da su biyu-biyu, ɗaya yana bugawa ɗaya yana dubawa, can su yi musanya. In wani ya maƙale, kada ya karɓe masa na'urar ya gyara, sai dai ya yi masa tambayar da za ta kai shi ga amsa. Wanda aka yi wa aiki yau, gobe ma zai dawo hannu rabbana.

Gargaɗi ɗaya ya rage. Kada a yi gwaji da ainihin takardun ofis. Maimaitawar da take gyara layi 200 cikin ƙiftawar ido, haka take ɓata su in an kuskure, ga kuma sirrin albashin mutane da bai kamata ya bazu ba. A ƙirƙiri sunaye da lambobi na gwaji, sai an tabbata sannan a nemi izini a taɓa na gaskiya.

'Yan'uwana ɗalibai, mu ne ma'aikatan gobe, kuma ba sai mun kama aiki za mu fara ba. Mutum biyar da kwamfuta ɗaya sun isa ƙungiya. Da ma Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.