Tsohon Hoto da Sabon Kundi a Gaɓar Tafkin Kainji

Kundin hotuna na zamani littafi ne da ake shiryawa a cikin waya ko kwamfuta, inda ake jera hotunan iyali shafi bayan shafi, a haɗa su da rubutu da kwanan wata da guntayen takardu irin su katin gayyatar biki ko shaidar kammala firamare, domin kowane shafi ya ba da labari guda. Al'adar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin an daɗe ana miƙa wa baƙo albam ya duba kafin a kawo abinci, kuma kalandar biki da littafin rubutu mai hoton ango da amarya duk dangin wannan aiki ne. Abin da ya sauya shi ne almakashi da gam sun koma cikin manhaja, wato tsarin umarnin da ke tafiyar da na'ura, kuma duk mai son kundinsa ya yi kyau dole ya koyi gyaran hoto.

A ƙasar Yawuri, wadda ta haɗa ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga a kudancin Jihar Kebbi, wannan aiki yana da nauyin da ya wuce na ado. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara a 1964, aka kammala a 1968, kuma tafkin da ya taru a bayanta, mai tsawon fiye da kilomita 130, ya cinye tsibirai da ƙauyukan gaɓa masu yawa, har aka sake wa mutane sama da 40,000 matsuguni. Tsohon garin Busa ya nutse aka gina Sabuwar Busa, Gungawa da yawa kuma, waɗanda zaman tsibiri da noman albasa na rani suka zama shaidarsu, suka koma sababbin gidajen da gwamnati ta gina musu a tudu. Saboda haka hoton da aka ɗauka a gaɓar kogi kafin 1968, ko da na tsayuwa ne a ƙofar gida, yana iya nuna zaure ko bishiya ko mashigar jirgi da babu wanda zai sake ganinta, kuma hotunan wancan zamani ba su da yawa, tun da mai hoto sai a gari irin Yelwa ake samunsa.

Yanayin bakin ruwa ba ya raga wa takarda. Danshin damina yana sa fuskar hoto ta manne wa gilashin firam ko ledar albam, fumfuna ta tsiro a kanta, gara ta ci gefe, ƙurar hunturu kuma ta karce abin da ya saura. Hotunan baƙi da fari sun fi juriya, domin ɓurɓushin azurfa ne ke riƙe da surarsu, amma masu kala na shekarun 1970 da 1980 rini uku ne aka shimfiɗa a takardarsu, kuma ba tare suke koɗewa ba, shi ya sa hoton sallah na wancan lokaci yakan rine ya koma ja-ja ko ruwan ɗorawa. Wasu sukan kai irin wannan hoto shagon kwamfuta a liƙe shi cikin leda da zafi da nufin kare shi, alhali wannan liƙi ba ya warwaruwa, kuma zafin kansa yana iya ƙara lalata hoton.

Matakin farko, wanda ya fi kowane mataki tasiri a kan sakamako, shi ne shigar da hoton cikin na'ura. Hoton na'ura tarin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fiksil, kowane ɗigo da launinsa, kuma yawansu shi ke nuna iya girman da za a wanke hoton ba tare da ya fashe ba. Ƙa'idar masu ɗab'i ita ce ɗigo 300 a kowane inci, wanda ke nufin hoto mai inci 4 da 6 yana buƙatar ɗigo 1,200 da 1,800, cikakken shafin A4 kuwa 2,480 da 3,508. Idan akwai sikana, wato na'urar da ke kwafar takarda ta shigar da ita kwamfuta, a sa ta a kan 300 ga babban hoto, a kai ta 600 ga ƙaramin hoton fasfo da ake son faɗaɗawa. Inda babu sikana, wanda shi ne halin yawancin ƙauyukan gaɓa, waya ta wadatar muddin an kiyaye haske: a shimfiɗa hoton a kan farar takarda a inuwar zaure da hantsi, a kashe fitilar kyamara, a goge idon kyamarar da tsumma mai laushi, a riƙe wayar daidai saman hoton ba a karkace ba, a dafa gwiwar hannu a kan wani abu don kada hannu ya yi rawa. Hoton da ya manne wa gilashi kada a ɓamɓare shi, a ɗauke shi a yadda yake, kuma manhajar PhotoScan da Google ya fitar a 2016 tana taimakawa a nan, domin takan ɗauki hoton daga kusurwa huɗu ta haɗa su ta kawar da ƙyallin gilashin. Bayan hoton ma a ɗauke shi, saboda a can ake samun hatimin mai hoto, ko suna da shekara da wani ya rubuta da boko ko ajami.

Wannan kwafi na farko shi ne uwa, kuma ba a yin gyara a kansa. Ana ajiye shi gefe ne a yi aiki a kan kwafinsa. Dalilin yana cikin yadda tsarin JPEG, wanda aka kafa a 1992 kuma yawancin wayoyi ke amfani da shi, yake rage nauyin hoto ta hanyar zubar da wasu bayanai, ta yadda duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa sai wani abu ya ragu. WhatsApp ma yana matse hoto kafin ya aika, don haka hoton da ya zaga rukunin dangi daga Wara zuwa Kwantagora zuwa Legas ya dawo, ba shi ne wanda ya tafi ba. Mai son aika wa ɗan'uwa cikakken hoto sai ya tura shi a matsayin takarda, ko da zai ci data fiye da kima.

Manhajojin gyara suna da yawa, kuma tsadarsu ba ita ce gwaninta ba. Photoshop, wanda Adobe ya fara sayarwa a 1990, shi ne na ƙwararru kuma ana biyan kuɗinsa wata-wata ko shekara-shekara. GIMP kyauta ne a kwamfuta. Snapseed kyauta ne a waya kuma yana aiki ba tare da intanet ba, wanda ba ƙaramar fa'ida ba ce a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Kowace aka zaɓa, jerin aikin ɗaya ne. Ana fara miƙe hoton da yanke gefen takardar da aka shimfiɗa shi a kai, sannan a daidaita haske, a ɗaga wuraren da suka yi duhu har fuska ta fito ba tare da farar riga ta ƙone ta rasa aikinta ba. Daga nan sai launi, kuma dabarar ita ce a nemi wani abu a cikin hoton da aka san fari ne, kamar rawani ko farar hula, a nuna wa manhaja shi, ita kuma ta gyara sauran launuka a kan wannan ma'auni. Share tabo shi ne na ƙarshe kuma shi ya fi cin lokaci: ana faɗaɗa hoton sosai, a ɗebo launi daga wuri mai lafiya da ke kusa a rufe karce ko ɗigon fumfuna da shi, kaɗan-kaɗan. A kan bango ko sararin sama wannan ba ya da haɗari, amma idan gara ta cinye rabin fuska, abin da ya tafi ya tafi, kuma barin gurbin ya fi cika shi da zato.

A nan ne ake buƙatar hankali game da manhajoji irin su Remini, masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, wato tsarin da aka horar da shi a kan ɗimbin hotunan wasu mutane har ya iya hasashen yadda fuska take. Irin wannan manhaja ba ta dawo da abin da ya ɓace daga hoto, tana zana abin da ta ga ya fi dacewa ne, shi ya sa dattijon da ya fito daga cikinta yakan yi kama da kakan gidan amma idanunsa da haƙoransa na wani ne. Ɓarnar ta fi yawa a kan tsagar fuska, domin manhajar takan ɗauke ta a matsayin karce ta shafe, alhali a ƙasar da Hausawa da Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukawa da Sarkawa masunta suke zaune tare, tsaga tana faɗin asalin mutum fiye da duk wani rubutu da za a yi a ƙarƙashin hotonsa. Haka nan ɗabi'ar haskaka fata har baƙin mutum ya koma fari tas, da cire bangon laka a sa hoton bene ko na Ka'aba a baya, suna iya wucewa a fostar biki amma ba su da wuri a kundin tarihi. Aikin mai gyaran tsohon hoto irin na gyartai ne, wanda ke ɗinke ƙwaryar da ta tsage ta ci gaba da zama ƙwaryar da mai ita ya sani. Wanda ya ga dole sai ya sa wa hoton baƙi da fari kala, ya jera su biyu a shafi ɗaya, ya kuma rubuta wanne ne na asali.

Shirya shafi ya dogara ne a kan abin da ake kira falle, wato kowane abu, ko hoto ko rubutu ko ado, yana zaune a kan nasa fallen mai garai-garai, an jera su wani kan wani, ana iya matsar da ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba. Canva da PicsArt da PixelLab, waɗanda matasa masu haɗa fostar siyasa da katin ɗaurin aure suka riga suka saba da su, duk a kan wannan tsari suke aiki. Kuskuren sabon shiga shi ne cika shafi da furanni da taurari har a rasa inda ido zai sauka. Babban hoto ɗaya da ƙanana biyu ko uku sun ishi shafi, kuma hoton tabarma ko zanen saƙi na gidan da aka rage wa kaifin launi ya fi furen da aka sauko da shi daga intanet dacewa da bayan shafi. Akwai kuma matsalar da ta keɓanta da Hausa, domin yawancin salon rubutu masu ado ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai su fito da akwati ko su ɓace, don haka a gwada salon da kalma mai lanƙwasa kafin a zaɓe shi.

Rubutun da ke ƙarƙashin hoto ya kamata ya faɗi wane ne, a ina, yaushe, da kuma wanda ya ba da bayanin, kuma idan ba a san shekara ba a rubuta abin da aka sani, kamar cewa kafin tashi daga tsibiri ne, ko shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, wato 1991. Tarihin masarautun Yawuri da Maginga, wanda masana irin su Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski kuma tsohon shugaban Jami'ar Sakkwato, suka yi rubutu a kansa, ya jingina ƙwarai ga abin da dattawa suka riƙe a ka, kuma waɗanda suka yi wayo kafin ruwa ya taso yanzu sun haura shekara 65. Zama da irin waɗannan dattawa da waya a hannu, ana faɗaɗa musu fuskoki suna kiran sunaye, ya fi kowane aikin gyara gaggawa. Hotunan yau ma suna shiga kundi, daga tseren jirage na bikin Rigata a Yawuri zuwa ranar kasuwa a Wara, kuma su sun zo da sauƙi, domin waya tana adana ranar ɗauka a cikin hoton da kanta.

Kafin a watsa kundin, a nemi yardar waɗanda ke ciki, musamman matan aure, domin hoton da aka ɗauka a tsakar gida don dangi ba lallai ne mai shi ta so ya hau Facebook ba. Ajiya kuwa a yi ta a wuri fiye da ɗaya, tun da waya tana faɗawa ruwa ko a sace ta, katin memori kuma yana mutuwa ba sallama: kwafi ɗaya a filas, ɗaya a asusun Google da ke ba da gigabait 15 kyauta, ɗaya a hannun ɗan'uwa a wani gari. Shafukan da suka fi muhimmanci a kai su a wanke a takarda, hotunan asali kuma a sa farar takarda tsakaninsu, a ajiye su cikin akwatin ƙarfe da aka ɗora a kan wani abu, nesa da ƙasa da jikin bango.