Uwar Adashi, Bankin Tsofaffin Daura

A ƙasar Daura, daga Baure zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Mai'adua, tsofaffin da ke karɓar fansho ba su da yawa. Fansho na wanda ya yi aikin albashi ne. Manomin geron da ya tsufa a duƙe, da tsohuwar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a bakin kaskon ƙuli-ƙuli, babu ofishin da ya san da su. Amma su ne ake ajiye wa jikoki. Uba ya tafi ci-rani Legas, uwa an sake ta ko ta rasu wajen haihuwa, sai a kai yara ɗakin kaka. Mafi yawan kakannin da na sani da adashi suke riƙe da yaran nan.

Tsarin ba shi da wuya. Mata goma ko ashirin za su yarda da abin da kowacce za ta zuba duk mako, kuɗin ya taru a hannun mutum ɗaya, a bai wa wadda layi ya zo kanta, haka har kowa ta kwasa. Wuyar tana wajen amana, shi ya sa uwar adashi kusan kullum dattijuwa ce. Ita ke shiga gidajen matan kulle ba mai tambayar ta, kuma ita ce ake jin nauyin a ce mata "babu".

Gwaggona ta daɗe tana wannan aiki a unguwarmu. Ba ta yi boko ba, lissafin duk a kanta yake, ban kuma taɓa jin an yi jayayya da ita a kan naira ɗaya ba. Idan ta kwasa lokacin kaka, gyaɗa take saye da araha ta ajiye, ta riƙa matse mai har bazara. Idan kwasar ta faɗo kusa da babbar salla, sai ta aika Mai'adua a sayo mata ɗan rago ta turke, ta sayar ana jibi layya. Daga nan kuɗin littafin jikoki ke fitowa, da sabulu, da ɗinkin salla.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake karya layi. Da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, takan tara matan ta ce, "Wance jikanta na asibiti, ku yi haƙuri a ba ta na wannan makon." Ba takarda, ba ruwa a kan kuɗin. Kuma zagayen karɓar zubi shi kansa duba lafiya ne. Ita ke fara ganin mai ciki da kumburarrun ƙafafu, ta tsare mijin a zaure har sai ya yarda a je awo. Masu rabon maganin kariya daga zazzaɓi ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, waɗanda ke bi gida-gida duk wata da damina, sun san cewa idan kaka ta ce a sha, an sha.

Dattawa maza ma suna da nasu, a kwamitin masallaci da na asibitin mazaɓa, inda ake haɗa kuɗin mota ga mara lafiya ko na likkafani.

Sai dai adashi yana da iyaka, kuma tsofaffin ne ke jin ta a jikinsu. Kwasa sau ɗaya take zuwa a zagaye, maganin hawan jini da na ciwon suga kuwa kullum ake sha. Na ga tsohuwa ta bar nata maganin don ta saya wa jika nasa. Shekarar 2023 ta ƙara tsananta lamarin: canjin kuɗi ya ɓatar da takardar naira daga hannun mutane, aka cire tallafin mai a watan Mayu, sannan aka rufe iyakar Kongolam bayan juyin mulkin Nijar, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Wadda ta kwasa a ƙarshen zagaye ta karɓi adadin da ta zuba, amma ba ya sayen abin da ya saya wa ta farko.

A 2018 marigayi Muhammadu Buhari, ɗan garin Daura, ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, kuma Jihar Katsina tana da hukumar inshorar lafiya ta karo-karo, KATCHMA. A ganina hanyar da za su isa ɗakin kaka ita ce ta hannun uwar adashi. A yi wa ƙungiyarta rajista baki ɗaya, a bar ta ta riƙa haɗa kuɗin inshora kaɗan-kaɗan tare da zubin mako, sannan ma'aikacin lafiya ya zo da abin awon jini ranar da matan ke taruwa.